Yafiyar da Na Hana Yaya

A shekarar korona azumi ya riske mu a cikin kulle, kuma kowa a Dutse ya koma mai neman yafiya. Wayata ba ta hutawa. Har wadda muka yi firamare tare, wadda ko fuskarta ba na iya tunawa, sai da ta turo saƙo cewa duk wanda ta yi wa laifi ya yafe mata. Amsar kuwa na haddace ta kamar karatun 'yan aji ɗaya: na yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Mutuwa ta yi yawa a lokacin, tsofaffi suna ta tafiya, to wa zai ga baƙon abu a wurin mai neman yafiya? Shi ya sa da yayana ya fara tasa, ban kawo komai a raina ba.

Yaya direban bas ne, Dutse zuwa Kano. Dab da rufe hanya ya dawo da zazzaɓi da tari, ya ɗan kwanta ya miƙe. Bai jima da miƙewa ba Baba ya kwanta, shi kuwa bai tashi ba. Ba a yi masa gwaji ba, ga shi dama yana fama da hawan jini, don haka har yau babu mai iya cewa ga takamaiman abin da ya yi ajalinsa. Aka yi jana'iza da mutane ƙalilan, ba a yi zaman makoki ba. Ta ƙofar zaure na hango Yaya ya miƙa wa wani dattijo hannu, dattijon ya dafe ƙirjinsa ya ja da baya. Haka kowa yake gaisawa a lokacin, amma na ga yadda Yaya ya tsaya yana kallon tafin hannunsa.

Matarsa tana Kiyawa wankan jego, kulle ya rufe da ita can. Motarsa tana ajiye a gindin darbejiya. Ni malamar firamare ce, an rufe makarantu, sai gidan ya rage daga ni sai Inna sai shi. Mutumin da a da tun daga zaure ake jin muryarsa, yana kirana Hedimasta don ya ce bakina ya fi bulala zafi, sai ga shi ya yi tsit. Ya ware kwanonsa da kofinsa, shi yake wanke abinsa. In ya doso tsakar gida sai ya bi gefen bango.

Daga nan ya shiga kiran mutane. Ina jin sa ta taga, yau abokan tasha, gobe surukai, jibi wani bakanike da suka taɓa cacar baki. Ya kyautar da hularsa ta Sallah. Tantabarunsa, waɗanda ko ni ba ya bari in matsa kusa da akurkinsu, ya zuba su a kwali ya kai wa wani abokinsa a bayan unguwa. Inna har da hawayen daɗi. Ta ce mutuwar uba ta nutsar da shi, sadaka yake yi wa mamaci a wata mai alfarma. Na so in yarda da ita. Duk abin da yake yi abin kirki ne, wanda malamai suke cewa a yi. To me ya sa gabana yake faɗuwa? Na rasa. Sai in ce wa kaina ai ni dama ba na rasa abin ƙorafi.

Tantabarun ba su yarda da kyautar ba. Wata safiya muka ga sun jeru a kan katanga. Na yi dariya na ce kayansa sun dawo. Shi bai yi dariya ba. Ya dube su ya ce, "Wa ya ce ku dawo? Wa zai ba ku hatsi?"

Na ce, "Kai mana. Ina za ka?"

Ya shige ɗaki.

Ranar da la'asar ina suyar ƙosan buɗa-baki, ya zo ya tsuguna nesa da murhu. Yaya bai taɓa tsuguna mini ba, ni ce mai tsuguna masa. Fuskarsa a sake, kamar wanda ya sauke fasinjan ƙarshe.

Ya ce, "Hedimasta, ke kaɗai kika rage. Ki yafe mini."

Amsar ta riga ta hau harshena. Amma wannan "ke kaɗai kika rage" ta tsaya mini a rai. Na rage a cikin me? In an gama da ni, sai kuma me?

Na ce, "Me ka yi mini, Yaya?"

"Na raba ki da Baba."

"Wa ya gaya maka?"

"Ba sai an gaya mini ba. Ni na shigo da ita gidan nan."

"To in na yafe fa?"

Ya ce, "Sai in huta."

Wallahi ban tsara abin da na faɗa ba, kuma ban san daga ina ya fito ba. Na ce, "Ban yafe ba."

Ya ɗago kai kamar na mare shi. Tsoro ya cika ni, ga haushinsa, ga tausayinsa, na rasa wanda zan kama. Sai na yi tambayar da ban taɓa jin wani ya yi a gidanmu ba. Na ce, "Yaya, tunanin kashe kanka kake yi?"

Ya ce a'uzu billahi. Ya sake cewa. Sannan ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka. Ya ce ya san haramun ne, ba sai na yi masa wa'azi ba, amma tunanin ba ya jin wa'azi. In ya kore shi da safe, kafin azahar ya dawo. Ya ce duk wanda ya kalla a gidan sai ya ga zai fi zama lafiya in babu shi, har jaririyar da bai taɓa ɗauka ba. Ƙosai ya ƙone ƙurmus. Na matsa na riƙe hannunsa, ya yi ta ƙoƙarin zarewa, na ƙi saki.

Inna, da ta jiyo "ban yafe ba" daga ɗaki, ta fito da faɗa: "Ke wace irin yarinya ce, da bakin azumi?" Da na gaya mata sai ta zauna daɓas. Ta ce sammu ne. Zuwa can ta ce shaiɗan ne. Ta kira limamin unguwa a waya, shi kuwa ya ce a dage da addu'a, a kuma kai shi asibiti, kada a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Wata maƙwabciyarmu nas ta yi mana hanya muka ga likita. Ya ce ciwon damuwa ne, yana kama mutum kamar kowane ciwo, ya rubuta magani, ya ce a riƙa dawowa, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Na gyaɗa kai kamar na gane. Gaskiya rabi na gane.

Sauƙi bai zo da wuri ba. Wata rana ya ci abinci da mu, washegari ya sake ware kwano. Ni abu ɗaya na riƙe. Duk lokacin da ya sake roƙona, sai in ce ya dawo gobe. Goben in ya zo in ce gobe. A raina ina ganin muddin ban amsa ba, akwai abin da bai gama ba. Ko wannan ne ya taimaka, ko maganin, ko addu'ar Inna, ko kuwa ranar da aka buɗe hanya aka ɗora masa 'yarsa a cinya, ban sani ba.

Yanzu ya koma tuƙi, murya ta dawo, tantabaru sun cika gida da kashi. Na taɓa tambayar malamarmu ta Islamiyya hukuncin wanda ya hana ɗan'uwansa yafiya, ta ce ba hali ne mai kyau ba. Ban gaya mata sauran ba. In na ce na yafe, ai na yarda ke nan ya yi laifi, alhali bai yi mini komai ba. In kuma na ci gaba da hanawa, ban san abin da ake rubuta mini ba.

Azumin da ya wuce, ana gobe za a ɗauka, ya leƙo kicin yana dariya ya ce, "Hedimasta, har yanzu?"

Na ajiye ludayi na kalle shi da kyau, na saurari dariyar ko akwai wani abu a ƙarƙashinta. Ban ji komai ba. Amma ai wancan karon ma da farko ban ji ba.

Na ce, "Ka dawo baɗi, Yaya."