Ranar da Inuwa Ya Saki Ludayi

Idan iska ta taso daga fadamar Ɗandamisa da hantsi, takan ɗauko wani ƙamshi mai nauyi, kamar na zumar da ta ji wuta, ta bi da shi ta kan gonaki har bakin hanyar Maƙarfi. Tsofaffin garin ba sa cewa ƙamshin mazarƙwaila ne. Cewa suke yi, "Inuwa ya tashi."

A bakin wannan fadama aka haife shi, ya yi rarrafe cikin tukar rake, ya yi wayo yana kallon doki na kewaya injin matsa na mahaifinsa. Aikin a ido ba wuya. A sare rake, a cusa a inji, ruwan ya tsiyaya, a juye a babban kasko, a yi ta zuba wuta har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Wuyar tana wuri ɗaya: sanin lokacin saukewa. In ka yi gaggawa, ba za ta daskare ba. In ka makara, ta yi ƙauri da ɗaci, ko akuya sai ta kau da kai. Mai riƙe da dogon ludayi shi ke yanke wannan hukunci, kuma tun rasuwar tsohon, ludayi bai taɓa kwana a hannun kowa ba sai Inuwa. Ƙanensa Usmanu, wanda shi ma furfura ta fara leƙo masa, wuta kawai yake turawa.

Inuwa gajere ne mai faɗin ƙirji, mai dariya da dukan jiki. Abu biyu aka san shi da su: hanci da karɓar baƙi. Hancinsa kan ji kasko ya nuna tun yana alwala a bayan bukka. Baƙo kuwa, ko ɓatan hanya ya yi, ba ya barin gidan da yunwa.

Da soja suka karɓi mulki aka shiga tsuke bakin aljihu, sukari ya zama ɗan sarki, sai an yi masa layi a rana, da bulala a gefe. Masu shayi da masu koko suka tuna da mazarƙwaila. Maƙwabtan da suka sayi injin da ke shan mai, suna yi wa Inuwa dariya a da, yanzu injinansu sun yi shiru don ba kayan gyara, shi kuwa tsohon dokinsa ba ya neman komai sai harawa da dusa. Rake kuma yana zuwa daga ko'ina, manoma na kawowa a matse musu.

A wannan rani ne wani dogon mutum mai tabarau ya sauka daga kan babur a gindin mangwaron da ke gefen bukkar aiki. Ya ce sunansa Timoti, mutumin kudancin Kaduna, yana koyar da sha'anin tafiyar da kasuwanci a jami'a a Zariya. Motarsa, in ji shi, tana gida a kan bulo tana jiran taya ta yi araha. Bincike yake yi a kan ƙananan sana'o'i: me ke sa wata ta daɗe, wata ta mutu. An ce masa babu injin rake da ya kai na Inuwa tsufa a yankin, shi ne ya zo ya ga yadda ake tsara aikin.

"Usmanu!" in ji Inuwa. "Janye wuta! A kwance doki! Mun yi baƙo."

"A'a, Baba, don Allah ku ci gaba, ai aikin na zo gani."

"Za ka gani, Malam. Aiki gudu zai yi? Zauna tukuna."

Aka shimfiɗa tabarma. Aka gaisa, aka tambayi Zariya da mutanenta, da ɗalibai, da iyali, da gajiyar hanya, aka sake komawa kan iyali. Fura ta zo. Kafin azahar Hussaina, matar Inuwa, ta aiko da tuwo da dakwalwar kaza. Timoti ya ci, ya yi tambayoyi, ya sha labari. Da ya miƙe zai tafi, rana ta karkata, kasko ya huce, doki na gyangyaɗi. Bai ga an matse ko sanda ɗaya ba.

Ya dawo mako na gaba da sassafe, wai ko zai riske su tsakiyar aiki. Ya riske su kuwa. Amma Inuwa na jin ƙarar babur ya jingine ludayi, ya ce a janye wuta. Haka aka yi a zuwa na uku. Rake kuwa ba ya jiran kowa: in an sare shi aka bar shi a rana, ruwansa ya ragu, ya soma tsami. Tulin da wani manomin Gazara ya kawo ya wuni ya kwana, mazarƙwailar ta fito da ɗan tsami, mutumin ya kwashe kayansa bai yi sallama ba.

"Yaya," in ji Usmanu da yamma, "wannan baƙon naka zai cinye mana rani."

"Baƙo rahama ne."

"Rahamar nan ta kusa ƙarar da ni," in ji Hussaina daga bakin zaure. "Malam, kajina sun gane ƙarar babur ɗinsa. Yana shan kwana suke haurawa katanga."

A zuwa na huɗu Timoti bai cire takalmi ba. Ya tsaya a bakin tabarma, ya dubi tulin rake da ƙudan zuma ke shawagi a kai.

"Baba, bari in tsaya kusa da kasko kawai, kai kana aikinka."

"In tsayar da malami guda cikin hayaƙi? A ce a gidan Inuwa aka yi haka?"

"To ni in zauna nan, kai ka je."

"Ka taɓa ganin an bar baƙo shi kaɗai a tabarma kamar shanya?"

"To a ci gaba da aikin, mu muna zaune."

Inuwa ya yi dariya har hularsa ta goce. "Wa zai sauke kasko?"

"Malam Usmanu fa?"

"Usmanu wuta ya sani."

"Ya taɓa riƙe ludayin?"

"Ni ma ban taɓa ba sai da aka binne mahaifinmu."

Timoti ya cire takalmi ya zauna. "Da ka karɓa, yaya aka yi?"

Dariyar Inuwa ta ragu. Ya ce ranin nan gaba ɗaya ƙona kasko ya yi ta yi. Manoma suka watse. Sai da aka sayar da gonar tudu kafin injin ya miƙe. "Amma ga shi na iya," in ji shi.

"Ka iya, Baba. Sai dai bari in gaya maka abin da na gani." Timoti ya goge tabarau da bakin riga. "Na zaga daga Ikara har Kudan. Na shiga maƙera, na leƙa marina, na ga injinan rake da ciyawa ta rufe. Da na fito, na ɗauka matsin nan ne ke kashe su, haka ma na faɗa wa shugabana a jami'a. Da na yi ta tambaya yaushe aka rufe, sai amsa ta riƙa zuwa iri ɗaya: shekarar da mai wurin ya rasu, ko ya kwanta ciwo. A ƙauyen Taba na tarar da inji lafiyayye, kaza na ƙwai a cikinsa. 'Ya'yan mai shi huɗu, duk sun yi aiki a wurin, ba wanda aka taɓa bari ya yanke hukunci. Nan kuma, ba sai an jira wannan ranar ba. Babur ɗina kaɗai ya isa ya kashe wuta."

Usmanu ya sunkuya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

"Don haka," in ji Timoti, "na gode da karamci, amma daga yau na daina zuwa. Ba zan rubuta littafi a kan daɗewar sana'a ina kashe wadda ta fi daɗewa ba."

Maganar injinan da ciyawa ta rufe ta wuce ta gefen kunnen Inuwa. Wannan ta ƙarshen ce ta soke shi. Baƙo ya ɗauke ƙafa daga gidansa? A ji a kasuwar Maƙarfi cewa malami ya zo daga Zariya, ya ga gidan Inuwa ba ya iya ɗaukar baƙo?

"Wallahi ba ka isa ba," in ji shi. "Jibi ka dawo."

"Jibi fa Ilisha zai sare babbar gonarsa, Yaya," in ji Usmanu. Ilisha maƙwabcinsu ne, kuma rakensa ne mafi yawa da ake kawowa a shekara. Da ma ya fara ƙorafi tun da ya ji labarin mutumin Gazara.

"Na sani. Jibi, Malam."

Kwana biyu Inuwa yana juya abin. Ya kori baƙo, ba zai yiwu ba. Ya bar baƙo shi kaɗai, ba zai yiwu ba. Ya bar raken Ilisha ya yi tsami, to injin ya rasa babban mai kawo masa kaya. Duk ƙofar da ya tura a rufe take, sai guda ɗaya, wadda bai so.

Ranar ta zo da amalanke bayan amalanke. Hantsi na dubawa aka ji babur. Kajin Hussaina suka haura katanga. Usmanu ya kai hannu zai janye wuta kamar kullum.

"Bar ta," in ji Inuwa.

Ya dubi ludayin. Hannunsa ya yi masa santsi a wurin riƙo, kamar an shafa mai. Ya miƙa wa ƙanensa ba tare da ya dube shi ba. "In kumfa ta kwanta, ta fara huci kamar tsohon da ya hau tudu, ɗiga kaɗan a ruwan sanyi ka murza. In ta dunƙule, sauke. Ilisha, zo ka tura masa wuta, ai rakenka ne."

Ya ja tabarma inda baƙo zai ga komai, shi kuwa ya zauna ya ba kasko baya.

Timoti ya ga aiki a ƙarshe. Ya ga doki na kewayawa, ya ga wanda ke cusa rake da wanda ke kwashe tuka ya shanya don ta zama makamashi, ya ga yadda ba wanda ke ba wani umarni sai da ido. Alƙalaminsa na gudu. Inuwa kuwa amsa yake bayarwa ba kai ba gindi, hancinsa na motsi kamar na zomo.

Can ƙamshin ya juya. Inuwa ya ji shi tun daga ƙeya. Ya dafa ƙasa zai miƙe.

Daidai nan Hussaina ta dire akushi a gabansu da kanta. "Malam, bisimilla. Baƙonka ba zai sa hannu ba sai ka sa."

Ya dube ta. Ta dube shi. Ya koma ya zauna, ya gutsuri tuwo, ya riƙe lomar a sama yana sauraron kasko. Ƙamshi ya yi nauyi, ya wuce nauyi, ya soma ɗaukar ƙauri.

"Usmanu," ya faɗa a hankali cikin haƙora, kamar mai addu'a.

Sai aka ji ƙarar sauke kasko.

Da ta daskare, Usmanu ya kawo curi ɗaya a tafin hannu, gumi na zuba daga gemunsa. Ta yi duhu fiye da ta kullum. Inuwa ya ɓantara, ya tauna, ya daɗe yana taunawa.

"Ka makara."

"Na sani, Yaya. Na ji lokacin, tsoro ne ya riƙe ni."

"Ka ji?"

"Na ji. Shekara nawa ina shaƙar hayaƙin nan?"

Ilisha ya ɗanɗana ya ce masu koko za su saya, ba za a yi asara ba. Inuwa ya miƙa wa Timoti ragowar. "Rubuta, Malam. Kaskona na farko ko kare bai ci ba. Wannan ana iya ba baƙo." Ya juya ga ƙanensa. "Me kake jira? Ga na biyu can yana tafasa."

Na biyun ma ya ɗan yi duhu. Na la'asar ne ya fito ja kamar ƙasar tudu bayan ruwa.

Timoti ya ci gaba da zuwa har ƙarshen rani. Hussaina ta kafa doka cewa wanda ya zo sau biyar ya tashi daga baƙo, miyar kuka zai sha kamar kowa. Bayan shekara biyu ya kawo kundin bincikensa mai baƙin bango, ya buɗe babin da ya yi a kan miƙa ragamar sana'a tun mai ita na da rai, ya fassara wa Inuwa da Hausa. Inuwa ya saurara har ƙarshe, ya ce duk daidai ne, sai dai an manta da kajin.

Bai sake karɓar ludayin ba sai jefi-jefi, in hannu ya yi masa ƙaiƙayi. Ya koma gindin mangwaro, inda Allah ya yi shi dominsa. Dillalai, direbobi, masu awon gona, duk wanda ya biyo hanyar sai ya zauna, wuta kuwa na ci a bayansu. Yakan ɗaga hanci tsakiyar hira ya ce, "Yanzu," sai a ji an sauke kasko kafin ya rufe baki. Wani lokaci kuma a riga shi.

Ya rasu da damina, bayan soja sun koma bariki. Da kaka ta wuce rake ya nuna, mutanen Ɗandamisa suka ji iska ta taso daga fadama da hantsi, da nauyinta na da. A bakin kasko Mairama ce, 'yar Usmanu ta fari, da ludayi a hannu, don tun yayansa na da rai Usmanu ya fara cewa shi ma yana da baƙi, yana miƙa mata ludayin. Wata tsohuwa da ke shanya kuɓewa a bakin hanya ta ɗaga kai ta shaƙa.

"Inuwa ya tashi," in ji ta, ta ci gaba da shanyarta.