Kwatar Baba

Na shiga sakatariyar ƙungiyar injiniyoyi ina saurayi, da niyyar in ɗan taɓa aikin ofis in koma fili inda ake zuba kankare. Sai ga shi a sakatariyar na yi furfura. Na fara da teburin rajistar sababbin mambobi, aka mayar da ni kan mujalla, daga nan shirya taron shekara, sannan horar da matasa. Da aka lura bakina na kama harsuna, ga Yarabancin da na tsinta a kasuwannin Legas, ga Larabci da ɗan Faransanci, sai aka ba ni hulɗa da ƙungiyoyin waje. Aikin ya kai ni Landan da Alƙahira da Dakar da Jamus.

Duk inda na je, hali ɗaya na tarar. Injiniya in ya shiga ɗaki, sai ya kalli rufi kafin ya kalli mai gida. A Alƙahira na ga dattijo ya bar shayinsa ya huce, yana ƙwanƙwasa ginshiƙin otal da zobensa. A Jamus ana tsakiyar jawabi wani ya tashi ya je yana gwada ƙofar da ke ƙara. Ba mu iya wuce aikin wani ba tare da mun nemo aibinsa ba. Na daɗe ina ɗaukar wannan abin dariya, sai ga ranar da ya yi mini amfani.

Lokacin da gwamnati ta tattara ta koma Abuja, ma'aikatu na bin ta ɗaya bayan ɗaya, majalisar ƙungiyarmu ta yanke cewa hedikwata ma ta tashi. Ni aka naɗa sakataren da zai kula da ƙaurar. Dattawan reshen Legas kuwa suka ce ba inda za su. Har an fara raɗe-raɗin za su ɓalle su riƙa yi wa mambobi rajista da kansu. Da haka ta faru, da ƙungiyar ta rabe biyu, yaran da ke fitowa daga jami'a ba su san takardar wa za su nema ba, ni kuma in zama sakataren gini babu kowa a ciki.

Jagoransu wani tsohon injiniyan jirgin ƙasa ne, Bayarabe, kowa Baba yake ce masa. Ya yi aiki a Zariya yana matashi, yana jin Hausa irin wadda ba ta damu da mace ko namiji ba. Duk gayyatar da muka aika masa ta zuwa ganin sabon gininmu, amsa ɗaya ce: ƙafarsa na ciwo.

Abuja ta lokacin tituna ne masu faɗi da jar ƙasa a gefe, gidaje jefi-jefi. Ma'aikatanmu a Gwagwalada suka sami ɗakuna, doya kuma sai an je Masaka. Gininmu ya kai rufi, a gindin wani tudu. Shugabar reshen Abuja, wata Hajiya injiniyar lantarki a ma'aikatar tarayya, ita ke tsaye a kan aikin. Shawararta a yi fenti, a kafa rumfa, a kira masu rawa, dattawa su zo su ga abin burgewa.

Na ce mata, “Hajiya, kada a shafa komai. A bar katakon hawa a jiki, a bar wayoyi a buɗe.”

“Oga, so kake su yi mana dariya?”

“So nake su zo. Wanda kika kira don ya yaba, zai ce ƙafarsa na ciwo.”

Na tafi Legas, na sami Baba a barandarsa yana karanta jarida. Na durƙusa na gaishe shi da Yarabanci, ya amsa da Hausa.

“Malam Sakatare, in gayyata ne ka kawo, ƙafata bai warke ba.”

“Ba gayyata ba ce, Baba. Ginin ne hankalina bai kwanta da shi ba. In an yi ruwa, yana taruwa a bakin ƙofa.” Gaskiya na faɗa, don na sha tsallake shi da takalmi a hannu.

Ya sauke jaridar. “Wa ya duba gangaren wurin?”

“Matasanmu na can.”

“Matasa! Waɗanda ba su taɓa ganin ruwa ya cinye layin dogo ba?” Ya yi tsaki, ya ƙwala wa direbansa kira. Maganar ƙafa ba ta sake tasowa ba.

Bai zo Abuja shi kaɗai ba. Da sauran dattawan suka ji za a je duba kuskure, har wanda aka ce yana jinya ya biyo su. Mun jera kujeru a inuwa, ba wanda ya zauna. Ɗaya ya nufi matakala yana auna ta da tafin hannu, wani ya cusa kai cikin akwatin wayoyi. Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya hangi randa ginin garin Kwali da leburori ke shan ruwa a ciki, ya ce a ɗebo masa bokiti. Ya kwarara a ƙasa. Ruwan ya ɗan yi jim, sannan ya miƙe ya shige cikin gini. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske haka ba.

“Kun gani? Ruwa ma ya zo yin rajista!”

Dattijon da ke kan wayoyi ya fito yana cewa sun yi siriri. Hajiya ta ce, “Yallaɓai, da gilashinka ka duba ko babu?” Aka kwashe da dariya. Ya saka gilashin, ya sake leƙawa, ya ce to, wannan ya wuce, amma makunnin ya yi ƙasa. Ta ce ta karɓa. Daga nan suka shiga gardamar da ta kai su har la'asar, kowa na jin daɗinsa.

Baba ya tsuguna ya zana kwata a ƙasa da sandarsa, irin ta Legas, inda ruwa ke tafiya a hankali. Na ce masa, “Baba, ruwan nan ba haka yake ba. Daga kan duwatsu yake sakkowa.” Ya ce sai ya gani da idonsa. Damina ce, ba mu jira da yawa ba. Bayan la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko daga tudun jajawur, ya share zanen nasa kafin ya gyara riƙon lema. Ya tsaya yana kallo, wandonsa ya jiƙe har gwiwa.

“Wannan ruwa ba ta da tarbiyya,” in ji shi. “Malam Sakatare, ni zan zana kwatar nan da hannuna. Kada kowa ya zuba kankare sai na dawo.”

Ya dawo da zanen. Ya sake dawowa ranar haƙa, ya kuma zo ranar zuba kankare. Mai matakala ya ce shi ma ba a taɓa tasa sai yana nan. Da lokacin zaman majalisa ya yi, na ce tunda dattawa suna Abuja, me zai sa a wahalar da su zuwa Legas? Aka zauna a zauren da ko fenti babu. Wani daga reshensu ya tada maganar ɓallewa. Baba ya juya ya kalle shi.

“Mu ɓalle mu je ina? Wa zai duba mini kwatata in damina ya zo?”

Maganar ke nan ba ta sake tashi ba.

Na ƙara shekaru masu yawa a ginin, na riƙe sashen ɗa'ar aiki, daga baya na shugabanci sakatariyar gaba ɗaya har na yi ritaya. Baba ya riga mu gidan gaskiya. Kwatar tana nan, mai zurfi, ta fi ƙarfin wurin a ganin wasu. Kwanan baya na je taro, na tarar da wata matashiyar injiniya da ta zo rajista tsaye a kanta, tana cewa wanda ya zana wannan ya yi ɓarnar siminti. Na ce mata ta dawo da damina ta duba, in ta ga gyara ƙofarmu a buɗe take. Ta ce za ta zo.