Rantsuwar Ƙanena da Ƙwayar Likita

Daga Maradun har Bakura babu wanda bakina bai taɓa juyawa ba. Ni ne na sayar wa mahauci nama, ya biya har ya rako ni yana godiya. Amma akwai ranar da bakin nan ya wuni yana aiki a asibitin Talata Mafara bai tsinana komai ba.

Lokacin aikin dam na Bakolori ƙanena yana cikin masu haƙar kanal, wato hanyoyin ruwa. Abokan aiki suka koya masa ƙwayar hana gajiya, da ta hana shi runtsawa ya haɗa da ta barci. Aiki ya ƙare, ta barcin ta ƙi sakinsa. Da Baffanmu ya gane sai ya tara dangi, aka sa shi ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani cewa ƙwaya ba za ta sake wuce maƙogwaronsa ba. Muka watse muna murna.

Ba a jima ba hannunsa ya fara rawa, gumi ya jiƙa shi sharkaf, sannan ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure. A bayan akori-kura na rungumo shi zuwa asibiti, duk ramin da muka faɗa sai na sa kunne a ƙirjinsa.

Likita ya yi masa allura ya farfaɗo, sannan likitan ya ja ni gefe. Ya ce wannan ƙwaya danne ƙwaƙwalwa take yi, ƙwaƙwalwar kuma ta saba da turjewa, in aka janye ƙwayar farat ɗaya sai ƙwaƙwalwar ta birkice. Irin maganin da ake kullewa ne, ba a bayarwa sai da takardarsa. Dole a ci gaba da ba shi ana ragewa sannu a hankali, in ba haka ba faɗuwa ta gaba tana iya tafiya da shi.

Aka kawo ƙwaya, ƙanena ya datse haƙora.

"Yaya, na rantse."

Na yi lallashi, na yi barazana, na kawo labaran mutanen da ban taɓa gani ba. Duk sanda ya motsa baki sai in ƙara wuta. Idona kuwa yana kan yatsunsa da suka sake fara rawa.

Bayan la'asar Baffa ya iso da limamin unguwarmu. Liman ya zauna bakin gado ya ce, "Ɗana, rantsuwar da za ta halaka ka warware ta ake yi. Sha maganinka, ka yi kaffara."

Ƙanena ya karɓi ruwa ya haɗiye ƙwayar.

Na share gumi na ce, "Ai ni na tausasa shi tun safe."

Ƙanena ya juyo da kai da ƙyar.

"Yaya, tun safe nika son in tambaya ko akwai kaffara. Ba ka bar min wurin magana ba."