Jan Fenti a Ƙirjin Tsuntsuwa

Ɗanmusa mai zane ya tsufa a wata 'yar rumfa kusa da tashar Agyaragu a Lafiya, kuma duk garin an san shi da hali ɗaya: ba ya mayar wa mutum hoto yadda ya kawo shi. Ka kawo masa hoton mahaifinka mai giɓi, sai ya cike haƙorin. Mai tabo a goshi ya fito sumul. Ba ya tambaya, shi a ganinsa kyautatawa ce, mutane kuwa yabonsa suke yi har kansa ya kumbura.

Wata rana maƙwabciyarsa Rosaline mai sayar da doya ta kawo masa wani shafi da Fada, limamin cocinsu, ya ba ta, kwafin zanen wani tsohon littafin addinin Kirista. Tsuntsuwa ce mai dogon baki a kan sheƙa, ta sunkuyar da kai, 'ya'yanta sun buɗe baki a ƙasa, ƙirjinta duk ja. Rosaline tana so a zana a allo, a kafa a kabarin 'yarta Shima, wadda jini ya ɓalle mata wajen haihuwa ta rasu, jaririn ya rayu. Ɗanmusa ya san labarin, har gaisuwa ya je.

Ya dubi jan nan ya ce a ransa, ai mutanen dā ba su iya aiki ba, tawada ce ta zube musu. Da ya zo zanawa a allon, sai ya mayar da ƙirjin fari tas, ya ƙara ɗan kifi a bakin uwar don yara su samu na ci.

Rosaline ta zo karɓa da jikanta a baya. Ta daɗe tana kallo.

“Malam, ina jini?”

“Na gyara miki, Maman Shima.”

“Ba ɓaci ba ne. Fada ya ce wannan tsuntsu shi yana fasa ƙirji da kansa, yara su sha jini su rayu. Alamar Yesu ne.” Ta gyara goyonta. “Ni kuma Shima nake gani.”

Kunya ta rufe Ɗanmusa, irin wadda ba ta taɓa kama shi ba. Ya so ko zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi, amma ba ta ko ɗaga murya ba. Ya kasa kallonta, balle yaron da ke barci a bayanta.

Ta miƙa masa allon da hannu biyu.

“Don Allah, Malam, ka mayar mata da jininta.”