Hatimin Komawa Tailan

Tun ranar da 'yan Adam suka ja layi a ƙasa suka ce nan namu ne, can naku ne, ba a ƙera makamin da ya kai hatimi ƙarfi ba. Dauloli sun tashi sun faɗi, an yi igwa an yi jirgin yaƙi, amma ɗan guntun robar da ake dangwalawa a tawada yana nan daram, shi ke cewa wane ya wuce, wane ya koma gida. Na rubuto wa wannan mujalla ne a matsayin wanda ya taɓa ɗaukar kansa shehin wannan fanni, har fannin ya mai da shi ɗan bencin baya.

A lokacin shekaruna talatin da 'yan kai. Ɗan Damagaram ne ni, na zo Lyon karatun adabin Faransanci, na gama, na zauna. A cikin 'yan Nijar na Vénissieux, wani gari a gefen Lyon, ba a san ni da adabi ba, da takardu aka san ni. Na yi shekaru ina bin layin ofishin firefe, inda ake ba baƙi katin zama, har na haddace halin wurin kamar yadda ake haddace halin surukai. Duk ɗalibin da ya sauka daga Yamai ko Maraɗi, kafin ya san hanyar masallaci an nuna masa ƙofata. Ni ke shirya masa dosiye, wato kundin takardunsa, ni ke gaya masa wace takarda za ta hau sama, wace kuma za a riƙe sai an tambaya. Samari suka laƙaba mini Mushe Firefe, wato Malam Firefe a bakin Faransawa. Ina nuna kamar ba na so, alhali in aka kwana biyu ba a kira ni da shi ba sai in ji kamar an manta da ni.

Aiki ne dai ya ƙi samuwa. Mai digirin adabin Faransanci a Faransa ba abin nema ba ne, kowane gidan shan kofi akwai biyu suna wanke kofuna. Da wata makarantar sakandare a wani gari na arewacin Tailan ta nemi malamin Faransanci, na tura takarduna, suka ɗauke ni. Matata tana tsakiyar digirin dakta a fannin kimiyya, ga ƙaramin ciki, amma ta ce in tafi, ai ba a kan raƙumi zan tafi ba, jirgi na zuwa jirgi na dawowa.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin zama cikin mutanen nan. Ba sa tambayar lafiyar iyali da gajiya da sanyi kamar mu, tambayarsu ɗaya ce: ka ci abinci? In ka ce a'a, ka jawo wa kanka. Akwai Musulmi a garin, da ɗan masallacinsu, da wata mata mai mayafi da ke sayar da shinkafa da kaza a bakin kasuwa, wadda ta ɗauki ramata a matsayin abin kunya gare ta ita kaɗai. Barkononsu ya sa na daina yi wa kowa alfahari da yajin Damagaram. Na koyi cire takalmi kafin in shiga gida da wasu shaguna, wannan bai ba ni wuya ba, da shi muka tashi. Na koyi haɗa tafuna in ɗan sunkuya in an gaishe ni. Na koyi cewa ba a shafa kan yaro don sa albarka, domin kai a wurinsu abin girmamawa ne, kuma ba a nuna abu da ƙafa. Abin da ya fi kome shi ne ba a ɗaga murya. Wanda ya yi tsawa a bainar jama'a, ko da gaskiya na hannunsa, shi ya faɗi. Ɗalibai kuwa in za su wuce ta gaban malami sai sun rage tsawo. Ni da na taɓa yin gwajin koyarwa a wata makaranta a Lyon inda yaro ya ce mini in yi magana da lauyan babansa, sai na ji kamar an shigar da ni aljanna ba hisabi.

An ba ni ajin ƙarshe, yawancinsu 'yan mata, 'ya'yan manoma da masu ƙananan shaguna. A ƙarshen shekara za su zauna jarrabawar Faransanci, da ita za su nemi shiga jami'a. Na tarar da su suna furta kalmomi kamar masu tsoron kada su fasa su. Na tsaya a gabansu na yi alkawari, da irin muryar da nake yi wa sababbin zuwa jawabi a Vénissieux, cewa muddin ina tsaye babu wadda za ta faɗi. Na yarda har zuciyata cewa makomar yaran nan tana rataye a wuyana.

Batun takardu kuwa, mataimakiyar shugaban makarantar ce ke kula da malamai baƙi, wata dattijuwa mai sanyin murya wadda ta karanta tarihi. Ita ta raka ni ofishin shige da fice aka tsawaita mini bizar wata uku ta koma izinin zama na shekara, aka buga mini a fasfo. Ta bayyana mini cewa duk bayan kwana casa'in zan je in shaida musu har yanzu ina nan inda nake. Na saurare ta da rabin kunne. A raina na ce wanda ya sha layin firefe a cikin dusar ƙanƙara, me ofishi mai fanka da kujeru da murmushi zai koya masa?

A watan Oktoba, ana gab da hutun tsakiyar shekara, matata ta haifi 'ya mace. Na yanki tikiti don in riski suna. Ana jibi zan tashi, dattijuwar nan ta same ni a ɗakin malamai da 'yar rigar jarirai a naɗe. Bayan ta yi mini barka, ta tambaya a hankali ko na samu sarari na leƙa mutanen ofishin shige da fice kafin tafiya. Na ce ai ban daɗe da zuwa ba, na shaida musu ina nan. Ta yi murmushi, ta ce malamai baƙi da suka gabata suna son leƙawa can duk sa'ad da za su fita ƙasar. Na ce kowa da halinsa, ni izinina na shekara ne, ga shi a rubuce. Ta gyara zaman tabaranta, ta ce gobe ba ta da aji da safe, kuma motarta da mai. Sauran malamai kowa ya sunkuyar da kai a kan kwanonsa. Ni kuwa na gyara tsayuwa na ba ta taƙaitaccen tarihin gwagwarmayata da hukumomin Faransa, na ƙare da cewa a duk duniya mai izinin zama yana fita yana shiga yadda ya ga dama. Ta haɗa tafuna, ta ce lalle malam ya fi ta sani. Na fita ina jin daɗin yadda na kwantar wa tsohuwa hankali.

An yi suna lafiya a ɗan falonmu na hawa na tara. An toya waina, an dama fura, wani Alhaji ɗan Tawa da muke ɗauka kamar uba ya yi addu'a har yara suka fara gyangyaɗi. Samari suka kewaye ni suna tambayar yadda takardun can suke, na ce musu wasan yara ne, da ido rufe ake yi.

Hutu ya ƙare, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na isa filin jirgin sama da akwatina cike da cuku da littattafan da na saya wa ɗalibaina. Matar da ke duba tikiti ta buɗe fasfona, ta juya shafi, ta koma baya, ta sake juyawa. Ta tambaye ni ina hatimin komawa. Na nuna mata izinin shekara da yatsa, kamar yadda ake nuna wa yaro baƙi a allo. Ta kira babbansu. Shi ya bayyana mini, cikin ladabin da na fi son a ce zagi ne, cewa a dokar Tailan mai izinin zama in zai fita sai ya nemi wani hatimi dabam tun yana ciki, wanda zai riƙe masa izinin har ya dawo. In ya fita ba shi, izinin ya mutu a ranar da ya tsallake ƙofa. Nawa ya rasu tun ina sama ina cin abincin jirgi. Da fasfon Nijar kuwa ba a shiga sai da biza. Na fara kawo masa misali da dokar Faransa, ya ce Mushe, ba Faransa za ka ba.

Ɗan kawuna da ke ɗaukar kaya a babbar kasuwar Rungis shi ya zo ya kwashe ni da akwatuna. Tun daga nesa yake dariya. Ya ce yaya, yau kuma wa ya taɓa Mushe Firefe, a kawo dosiyen ya duba mini, ai shi ma ya ɗan koya a wurina. A ɗakinsa na sauka, washegari na je ofishin jakadancin Tailan. Suka tarbe ni da fara'a, suka ce babu gyara, sai dai a sake daga farko: sabuwar wasiƙa daga makaranta, amincewar hukumar ilimi ta can, shaidar rashin laifi, da tabbatar da digirina. Kowace takarda tana jiran wata, kowace kuma da nata ofishin.

Na buga wa dattijuwar waya. Cikin zafin rai na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini kai tsaye. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ta faɗa mini sau uku. Ta ce bai dace a ce wa malami bai sani ba a gaban abokan aikinsa, kuma ta ɗauka ko akwai wata yarjejeniya da Faransa wadda ita ba ta sani ba, tunda na yi magana da tabbaci haka. Daga nan ta ba ni haƙuri. Wannan haƙurin shi ya fi kome ƙona ni, domin a take na gane abin da ta yi mini, kara ce. Da ita aka raine ni. Mahaifiyata ba ta taɓa ce mini je ka gaida kawunka ba, sai dai ta tambaya ko na bi ta unguwarsu kwanan nan, ni kuma in sa takalmi. Zaman Faransa ne ya toshe mini wannan kunnen, na saba in ba a buga tebur an ce a'a ba, to an yarda.

Na koma Lyon da cukuna. Matata ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta dubi akwatunan, ta saurari bayanina har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta miƙo mini jaririyar, ta ce malam, Allah ya ji kukanta, ta roƙi mai raino ya aiko mata da mai digiri biyu. Ta ɗauki jakarta ta tafi ɗakin bincike. Haka na yi lokacin sanyin nan, ina tura keken jariri tsakanin dogayen benayen unguwarmu ta Minguettes, ina wanke kwalba, ina jiran takardu. A masallacin Juma'a samari kan zo su durƙusa da ladabin ƙarya, su tambaya ko malam zai duba musu dosiye, ko kuwa sai ya gama da nasa. Alhajin nan ɗan Tawa ya kore su, sannan ya juyo ya tambaye ni da gaske ko hatimin tsada ne da shi. Na ce a'a. Ya ce ko nisa. Na ce an gaya mini har a filin jirgin Bangkok akwai teburin da ake bugawa. Ya dube ni, ya ce Allah ya kyauta.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni sakat shi ne ajina. Na yi musu alkawari na gudu, ko da ba da niyya ba. Makaranta ta kira wata malama da ta yi ritaya ta riƙe su, amma ni na san ba a maye gurbin mutum kamata da sauƙi. Ina naɗar darasi a waya ina tura musu, 'yata a kafaɗa tana taya ni da nata Faransancin. Shugabar ajin takan amsa da cewa sun gode, suna lafiya, malam ya ci abinci? Ni kuwa ina hango su a ɗakin jarrabawa, sun kafa wa takarda ido, suna neman fuskata ba su gani ba. Biza ba ta fito ba sai bayan sun riga sun rubuta.

Da na koma, suka tarbe ni da sarƙar furanni, ba wanda ya ɗaga zancen, har yau. Dattijuwar ta tambaya ko jaririya ta fara zama. Na yi shekara huɗu a makarantar, iyalina sun zo mini hutu, 'yata ta ci mangwaro da shinkafa mai danƙo har ta ƙi tuwo. Ko iyaka zan leƙa sai na nemi hatimin nan, na duba shi, na sa an duba mini. Yanzu muna Rillieux, nan kusa da Lyon, ina koyarwa, matata tana aikinta, ba abin da za mu ce sai godiya. Watannin da na yi ina raino ma, in na tuna, ba na jin zan iya sayar da su.

Ga 'yan uwa masu shirin zama a Tailan ko wata ƙasa, ku ji daga wanda ya ɗanɗana. Dokar ƙasar da ka sani ba ta bin ka cikin jirgi. Kafin ka fita ko da na kwana ɗaya ne, je ka tambayi ofishinsu da bakinka, domin dokoki suna sauyawa, kuma kada ka dogara da ni ma. In mutumin ƙasar ya maimaita maka tambaya cikin murmushi, ba hira yake nema ba, ajiye abin da ke hannunka ka bi shi. Fiye da kome, ka tuna ba kai kaɗai kuskurenka zai ci ba. Akwai waɗanda rayuwarsu ta dogara da kasancewarka a wurin, kamar yadda ta yaran nan ta dogara da ni.

Sakamakonsu ya fito bayan na koma da 'yan makonni. Duk ajin sun ci. A shekarun da na koyar da ajin da kaina daga farko har ƙarshe, hakan bai sake faruwa ba.