Macijin da ke kan sandar Baba

Jiya kububuwa ta sari maigidana a gonar shinkafarmu ta ƙauyen Bana. Sai da likita ya ce dafin ya kwanta na iya zama. Da na je sayen magani, na ga hoton maciji a ƙofar farmasi, sai tsohon maƙwabcinmu na lokacin ƙuruciya, wanda muke kira Baba, ya faɗo mini a rai.

Kirista ne, ma'aikacin jinya da ya ƙetaro daga ƙasar Benin ya tsufa a Gaya. Yana da sanda mai sassaƙen maciji, ta yi sulɓi don riƙo. Matan unguwa suka ce bauta masa yake yi, aka hana mu shan ruwan randarsa.

Ranar da kwalba ta tsaga mini ƙafa, dole Inna ta kai ni wurinsa. Ɗakin sai ƙanshin sabulu. Ina ganin sandar na ƙwala ihu.

Ya yi dariya. "Ɗiyata, a littafinmu maciji ya yaudari mutum, gaskiya ne. Amma da macizai suka sari mutanen Annabi Musa, Allah ya sa ya ɗaga na tagulla a kan sanda. Duk wanda ya duba ya rayu. Ba macijin ke warkarwa ba, Allah ne. Bar kallon ciwon, ɗaga kai."

Na ɗaga, ya ɗinke. Kafin mu fita, Inna ta sha ruwan randarsa.

Jiya "ɗaga kai" na yi ta faɗa wa maigidana a hanyar asibiti. Baba, ya ɗaga kai, ya rayu. Allah ya saka maka da alheri.