Sunan da Na Kwance da Reza a Guangzhou

Shekarun baya kaɗan, lokacin da duk inda ka juya a China zobban nan biyar na Olympics ne ke kallonka, na yi wata takwas a Guangzhou wajen mahaifina. Ba don na yi abin kirki aka kai ni ba. Mahaifiyata ce ta ce in aka bar ni a gida bayan na gama sakandare, ko ita ta bar unguwar ko unguwar ta tashi ta bar ta. Shekarata goma sha shida a lokacin, bakina kuwa ya haura sittin.

Mahaifina tufafi yake saye yana turawa Kano. Mutum ne da maganarsa ta yini guda ba za ta cika cokalin shayi ba. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ya ce da ni "Me ka gani?" ba. Umarni yake bayarwa, ni kuma in bi, ko in yi kamar na bi. Ba na nunawa, amma babu abin da nake so a duniya kamar ranar da zai nemi shawarata.

Ɗakinmu yana unguwar Sanyuanli, a hawa na shida, kuma a ƙasan ginin akwai shagon intanet. A nan na haɗu da abokina, wani ɗan Maraɗi da ya biyo kawunsa. Yayansa yana tuƙin tasi a Amurka, shi ya cusa masa son ƙwallon zari-ruga irin ta Amurkawa, wadda ƙarti ke sa hular kwano su cika kafaɗu da soso su yi ta karo kamar raguna. Ranar farko dariya na yi ta yi. Kwana uku bayan nan ni ne ke ihu a gaban kwamfuta. Kafin sati biyu na naɗa kaina malami, har ina gyara wa wanda ya koya min.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shafukan da magoya baya ke musu. Lokacin an kusa zaɓen sababbin 'yan wasa, abin da suke kira diraf, inda manyan ƙungiyoyi ke ɗibar samarin da suka gama buga wa jami'o'insu. Akwai wani matashi da kowa ke magana a kansa. Wani ya ce ya fi iska gudu. Wani ya ce gwiwarsa ba za ta kai shekara biyu ba. Wani ya ce wanda ya faɗi haka bai taɓa gudu ko don kare ya biyo shi ba. Ni dai yabon nake karantawa. Da na ga rubutu ya yi tsawo, sai Turancina ya gaji in tsallake.

A shekarun nan samarin Kano sun haukace da manyan rigunan wannan wasa, masu ƙatuwar lamba a gaba da suna a baya, waɗanda ke sauka har gwiwa. Wata rana muna zagaye a kasuwannin titin Guangyuan, Baba ya tsaya yana murza wata jar riga tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo.

"Kai da kake kwana kana tashi a kan wasan nan, kowa tsofaffin sunaye yake kaiwa kasuwar Kwari. Wane suna ne bai iso ba tukuna?"

Sai da na waiga in ga ko da wani yake. Babu kowa a bayana sai wata 'yar tsana sanye da wando.

Ai kuwa na buɗe baki. Na ba shi labarin matashin nan tamkar tare muka yi firamare. Baba ya ce, "To wace ƙungiya zai je? Don a kan rigarsu za a ɗinka sunan."

Ban ko numfasa ba na ce, "Masu jar riga mana, Baba. Su suka ci kofi bana."

A kaina lissafin a fili yake. Mu da muka taso da ƙwallon ƙafa mun san gwanin yaro babbar ƙungiya ke ɗaukewa, ƙanana su bi shi da kallo. Ga shi kuma na karanta wani mai goyon bayan jajayen ya rubuta cewa lallai a kawo musu yaron ko da za a ba da rabin ƙungiya. Fata mutumin yake yi, ni kuma na ɗauke shi labarai.

Baba ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Kamar yadda na tabbata yau Talata ce." Laraba ce ma, amma bai gyara min ba.

Da yamma na sami abokina a shagon intanet ina tafiya ina buɗa kafaɗu. Na gaya masa yau an nemi shawarata. Da ya ji shawarar da na bayar sai ya cire abin jin sauti daga kunnensa a hankali.

"Mi ka hwaɗa ma Alhaji? Kai Bakano, can ba haka a kai ba. Wanda ya zo na ƙarshe shi ka hwara zaɓe. Masu kofi su ne na ƙarshen layi."

Na fashe da dariya har mai shagon ya ɗago kai. Na ce, "Wato wanda ya faɗi jarrabawa shi ake fara ba wa kyauta? Ɗan Faransa, ka tsaya a kan burodinka mai tsawo, ka bar mana harkar Turanci."

Ya ce, "Wallahi haka abin yake. Don kada mai ƙarhi ya yi ta ƙara ƙarhi. Sai dai in sun yi musaya, su ba da 'yan wasansu su karɓi wuri a gaban layi, kuma wannan da wuya."

Daga duk bayaninsa kalma ɗaya na tsinta: musaya. Na ce, "Ka gani? Ai musayar za su yi." Na koma kan kwamfutata. Da na hau sama a lokacin na ce, "Baba, a dakata, bari in ƙara bincike," da shi ke nan. Amma mutumin da aka nemi shawararsa sau ɗaya a shekara goma sha shida, ta ina zai koma ya ce bai sani ba?

Washegari muka je wajen masu ɗinki. Mai wurin wata mata ce gajera mai tabarau a goshi, Baba yana ce mata laoban, wato shugaba. Na rubuta mata sunan a takarda, haruffa goma sha ɗaya. Baba ba ya son na manne da ke ɓarewa a wanki biyu, don haka kowane harafi yanka shi za a yi a ɗinke da zare. Matar ta dubi takardar, ta dube ni, ta yi alama da hannu cewa in an ɗinka babu dawowa. "Meyo," in ji ta, wato babu. Na gyaɗa kai irin na manya. Riga ɗari uku.

An gama ɗinki ranar Asabar, aka kai katan-katan sito, kwantena kuma Alhamis za a loda ta. Ranar Lahadi da hantsi na sauka shagon intanet don in ga nasarata. Abokina ya riga ni. Ya juyo min da fuskar kwamfutar. Ga matashina nan yana murmushi har kunne, riƙe da riga ruwan goro ta wata ƙungiya da ta sha kashi kusan duk kakar. Jajayen kuwa ba su yi musaya da kowa ba. A can ƙarshen layi suka ɗauki wani mai faɗi kamar firji wanda ban taɓa jin sunansa ba.

Na jira ya ce "Ai na hwaɗa ma." Bai ce ba. Da ya faɗa ma da na sami wanda zan yi faɗa da shi.

Kwana biyu ina yawo da maganar a ciki. Ko taliyar Musulmin China da nake cinye kwano biyu, ɗaya ta gagare ni. Na yi ta lallashin kaina cewa wa ya san wannan wasan a Kano? In na yi shiru kwantena ta tafi, Baba zai ci gaba da ganina masani. Amma duk lokacin da ya wuce ya ce, "Malam, an tashi lafiya?" da wata sabuwar girmamawa a muryarsa, sai in ji kamar na saci takalmi a masallaci.

Ranar Talata, Talatar gaske wannan karon, muna sito tare da wani abokin Baba ɗan Kano, na ce, "Baba, yaron nan bai je wajen jajaye ba."

"Sun fasa ne?"

"Dama can ba a ce zai je ba. Ni ne ban san yadda ake zaɓen ba. Abokina ya gaya min tun kafin a ɗinka, na ƙi ji."

Abokin Baba ya kwashe da dariya har yana dafa katan. "Haba Alhaji, wannan ne ya sa yaro ya rame? Loda kayanka. Wanda zai saya ko sunan mai gyaran famfo aka rubuta sawa zai yi. Ni bara na kai wasu da aka juya lambar, sun ƙare tas."

Wallahi a zuciyata amin nake ta cewa. Baba ya zaro riga ɗaya daga leda, ya juya bayanta, ya bi haruffan da yatsa.

"In yaro ya tambayi mai shago, wannan ɗan wasan na masu rigar nan ne? Mai shago zai ce e, don ni na aiko masa. Shi bai yi ƙarya ba, yaron bai yi ba. Ni na yi." Ya ninke rigar. "Lamba ba ta ce komai ba, a bar ta. Sunan za a cire."

Abokinsa ya ce, "Kafin jibi? Laoban ba za ta karɓa ba."

Baba ya ce, "Ba ita ta rubuta ba."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. A hanyar komawa ya tsaya a wani ɗan kanti ya sayi fakitin reza ya miƙo min.

Jama'a, ban san haruffa goma sha ɗaya suna da yawa ba sai ranar. Ka sa bakin reza a ƙarƙashin zare, ka yanka a hankali kada ka huda rigar, ka tsince guntayen da farce, ka koma harafi na gaba. Na yi ta jin haushin iyayen yaron nan. Duk sunayen duniya masu harafi uku ba su gani ba? Ina kan riga ta tara, yatsuna sun fara kumbura, sai ga abokina ya shigo sito da rezarsa a aljihu. Ya gaida Baba, ya ja katan ya zauna.

Na ce, "Wa ya kira ka?"

Ya ce, "Zo na yi in ga yadda masu Turanci ka aiki."

Yini guda da rabi muka yi a zaune a nan, ba ma tashi sai salla. Muna kwancewa yana yi min bayanin abin da na tsallake: yadda ake jera layin zaɓe, yadda ake musayar ɗan wasa da ɗan wasa wani lokaci ba tare da an tambaye shi ba, mutum ya kwana a wannan gari ya tashi ɗan wasan wancan. Wannan karon ban katse shi ba ko sau ɗaya, abin da ya sa ya taɓa goshina ya ji ko zazzaɓi nake. Ranar Alhamis da azahar aka loda riguna da bayansu fayau. Guda ɗaya kawai na ɓoye a ƙasan jakata da sunanta, ban ma san dalili ba.

Na ɗauka Baba ya gama da shawarata har abada, kuma wannan ya fi ciwon yatsun zafi. Sai bayan kamar wata guda, muna Xintang wajen wandunan jins, ya ɗaga wani mai faɗin ƙafa ya ce, "Wannan fa, samari za su sa?"

Amsoshi goma suka taso min a baki a guje. Na danne su. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Amma zan tambaya."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya miƙo min wandon in riƙe. Tun daga ranar ya riƙa tambayata abubuwa, har na fara gajiya.

Har yanzu ina shiga shafukan musun nan duk lokacin zaɓe, kuma ina jin daɗinsu. Sai dai yanzu in na ga mutum ya rantse cewa wane zai je wuri kaza, ko lallai a musanya wane da wane, nakan gane shi, don na taɓa zama shi. Yawancinmu abin da muke so muke faɗa, sai mu sa masa rigar sani. A shafin intanet wannan ba ya cin kowa. Ranar da wani ya yarda da kai har ya sa aka ɗinka maganarka da zare, ranar ce za ka san nauyinta. Ni nawa darasin a yatsu ya shiga.

Saura in manta da rigar da na ɓoye. Bayan shekara biyu da wani abu, ina Kano, abokina ya kira ni daga Maraɗi yana dariya har ba na jin abin da yake faɗa. Ashe an yi musaya, matashin nan ya koma wajen jajaye. Na zazzage jaka, na zaro rigar, na sa ta, na ruga ɗakin Baba da ya zo hutu, na juya masa baya ina nuna sunan da babban yatsa.

"Baba, ka gani? Ai na faɗa!"

Ya sauke tabarau, ya karanta haruffan goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya mayar da idonsa kan jaridarsa.

"Ka faɗa," in ji shi. "Amma ba ka sani ba."

Ina jin mahaifiyata daga kicin tana dariya har da tari.